Shinge Ba Ya Wa'azi

A 1922 Menonawa masu riƙon tsohuwar al'ada suka bar Kanada zuwa Meksiko, domin an tilasta wa 'ya'yansu karatu da Turanci. A 1967 waɗansu suka ƙara gaba zuwa Boliviya. Can suke noma, suna hawan keken doki, suna sujada da Jamusanci. Ƙwazo kam akwai shi! Amma maƙwabci yakan sayi cukunsu, ba ya jin Bishara daga bakinsu, gama ko ya shiga majami'arsu ba zai gane kome ba. Wai tsare bangaskiya suke yi. Daga wa? Menno Simons, wanda suke amsa sunansa, yawon wa'azi ya yi ana farautarsa, har sarki ya sa lada a kansa a 1542.