Zuwa ga Manoman Shinkafa na Kura da Kadawa

Wannan wasiƙa kan baƙuwar nan ce da ke shiga fangali cikin rigar 'yar gida, wato shinkafar daji.

Tana ƙarama, ko tsohon manomi sai ya shayar da ita taki bai sani ba. Sai ta fid da kai take tona kanta: ta ɗara shinkafar Sipi tsawo, zangarniyarta da dogon gashi, ƙwayarta ja. Kafin lauje ya iso, ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa, wasu su kwanta shekaru suna jiran danshi. Maganin ciyawar da ke ƙyale shinkafa kuwa ita ma ƙyale ta yake yi, tunda dangi ɗaya ne. Kuɗin feshi ya tafi a banza.

Ruwan Tiga ya sa mai fangali yana iya bin shinkafar damina da ta rani, wannan kuwa shi ne abin da baƙuwar ke so. Wanda ya hutar da fangalin zango ɗaya, ko ya sa alkama ko albasa, ya katse mata hanzari. Amma kada ya yi gaggawar kifa ƙasa da garma bayan girbi, don binne irin adana shi ne. A bar shi a sarari, tsuntsaye da tururuwa su rage.

Sauran aikin na ruwa ne. Mako uku kafin dashe, manomi ya jiƙa fangali ya janye ruwan, ya zuba ido. Cikin kwanaki gyauro zai rufe ƙasa kore shar. Ya kafce shi sama-sama, in da hali ya maimaita. Daga nan ya dasa a layi, ya tsayar da ruwa kamar santimita 5 zuwa 10, domin irin da ruwa ya danne ba ya samun iskar tsirowa. Fangalin da bai daidaita ba, tudunsa ne mafakarta.

Akwai kuma shinkafar daji mai saiwa da ke yaɗo a ƙarƙashin ƙasa. Ita sai an tono saiwar da rani, rana ta gasa ta.

Abu na ƙarshe, iri. Don Allah duk wanda ya ga jar ƙwaya ko ɗaya a tafin hannunsa, kada ya kai buhun nan gadon reno.