El Duniya: Sinimar Da Ta Ƙone Da Mutum 331 A Kano, Muka Manta Da Ita

Yau ba sharhin sabon fim na kawo muku ba, ba kuma labarin wane ya saki waƙa ya yi wa wane habaici ba. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun makon jiya.

Na raka wani abokina Wapa zai yi canji. Muna tsaye ana ƙirga masa kuɗi sai na tambaye shi ko ya san abin da ya sa ake ce wa wurin Wapa. Ya yi dariya ya ce ai sunan kasuwar 'yan canji ne. Da na ce masa sunan gidan sinima ne, wallahi kallon mai zolaya ya yi mini. Kuma fa wannan abokin nawa ba ya barin ko da kashi ɗaya na Labarina ya wuce shi, waƙoƙin Hamisu Breaker kuwa ya haddace su kamar karatun allo. Amma bai san cewa inda yake tsaye ya taɓa zama matattarar masu son abin da yake so ba.

Ban ga laifinsa ba, don ni ma ba a makaranta na sani ba. A bakin kakana na ji. Shi ne ya fara ambata mini sunan da ya fi Wapa nauyi, wato El Duniya.

Bari mu ɗan koma baya. Sinimar farko da aka buɗe a Kano ita ce Rex, a shekarar 1937. Kwarori ne, wato 'yan kasuwar Lebanon, suka riƙe harkar a farkonta, kuma a wajen ganuwa ake gina gidajen, ba a cikin birni ba. Akwai kuma majigi, wanda gwamnatin Turawa ke yawo da shi a mota tana haska wa jama'a kyauta a fili, finafinan tsafta da noma da makamantansu. Majigi bai cika tayar da ƙura ba, tunda da izinin hukuma yake zuwa. Sinima kuwa, wadda za ka biya kuɗi ka shiga cikin duhu ka zauna da wanda ba ka sani ba, tun ranar farko mutanen gari suka sa mata alamar tambaya. Har suna aka laƙaba mata, dodon bango.

A cikin wannan yanayi El Duniya ta zo. Ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951, mutum kusan 600 na ciki suna kallo, wuta ta tashi daga ɗakin na'urar haska fim ta kama rufi. Mutum 331 suka rasu. Ku sake karanta adadin. Fiye da rabin waɗanda suka sayi tikiti a ranar ba su koma gida ba.

Me ya sa wutar ta yi wannan ɓarna? Ku da kuka tashi da waya a hannu, ku sani fim a wancan zamani zare ne mai tsawo da ake naɗewa a faifai, ana bi da shi ta gaban fitila mai tsananin zafi. Zaren kuma da wani sinadari ake yin sa mai suna naitiret, ɗan uwan abin da ake haɗa albarushi da shi. Idan ya kama, ruwa ma ba ya kashe shi cikin sauƙi, saboda shi da kansa yake samar da iskar da wuta ke ci, ga hayaƙi mai guba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a daidai farkon shekarun 1950 ɗin ne kamfanonin da ke yin zaren suka daina amfani da wannan sinadari suka koma wanda ba ya kamawa haka. Wato mutanenmu sun rasu a ƙarshen zamanin wannan haɗari, ana dab da rufe babinsa.

Wannan shi ne bayanin da bincike ya bayar. A cikin gari kuwa wani bayani ne ya fi yaɗuwa, cewa fushin Allah ne ya sauka a kan masu zuwa gidan sharholiya. Kakana ya ce ko da ya girma ya fara satar zuwa kallo, idan aka kama shi, El Duniya ake tuna masa kafin a ɗauko bulala. Na ce masa, "Kaka, to an taɓa tara ku an yi wa waɗanda suka rasu addu'a?" Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai bai taɓa gani ba, don a lokacin ba abin alfahari ba ne a ce ɗanka a sinima ya cika.

A nan nake ganin mantuwar ta samo asali. Ba wai labarin ya tsufa ba ne kawai. Kunya ce ta binne shi. Gobarar kasuwa ana tunawa da ita, haɗarin jirgi ana tunawa da shi, amma wanda ya mutu a gidan kallo sai aka bar iyalansa su yi kukansu a ɗaki.

Ku kwatanta da Indiya, ƙasar da muka ɗauko rabin salon finafinanmu daga gare ta. Ranar 13 ga Yuni, 1997, wuta ta tashi a sinimar Uphaar da ke Delhi ana cikin haska fim ɗin Border, wanda da yawanmu mun kalla. Mutum 59 suka mutu. Iyalansu suka kafa ƙungiya, suka shafe shekaru sama da 20 suna bin kotu, kuma duk shekara suna taruwa su tuna da 'yan uwansu. Namu sun ninka nasu fiye da sau biyar. Amma a cikin abokaina da na tambaya a makon nan, ba ko mutum ɗaya da ya taɓa jin sunan El Duniya.

Gobarar ba ta kashe sinima a Kano ba. A 1952 aka buɗe Palace, kuma a wannan karon a cikin birni, a Jakara kusa da kasuwar Kurmi. Mutanen unguwa ba su yarda ba, aka yi ta jifan masu shiga har sai da hukuma ta sa baki. Daga baya gidaje suka ƙaru: Plaza, Orion, El Dorado, Queens, Wapa, Marhaba. Da yawansu ba su da rufi, kana kallon Amitabh Bachchan taurari na bisa kanka. A irin waɗannan gidaje ne Bahaushe ya ƙulla soyayya da fim ɗin Indiya, har ya raɗa wa Sanjay Dutt suna ɗan daba mai lasin. Duk rawa da waƙar da muke gani a Kannywood tun bayan Turmin Danya na 1990, a kan waɗannan benci aka shuka irinta.

Kuma ba fim kaɗai ake yi a cikinsu ba, wannan shi ne abin da ya shafe mu masoya waƙa. Gidan sinima shi ne babban zauren da talaka zai biya kuɗin ƙofa ya ga mawaƙi ido da ido. Makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata sun yi wasa a gidajen sinima na garuruwan Arewa, ba sai an gayyace ka bikin wani attajiri ba. Da Kannywood ta bunƙasa, 'yan fim ma suka riƙa shirya gala a irin waɗannan wurare lokacin Sallah. Wato sinima ita ce dandalin waƙarmu, ko da ba mu kira ta da wannan suna ba.

To ina suke yau? Palace tun 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe ta aka mayar da ita asibiti, kuma jama'a da yawa sun yaba masa. Sauran kuwa bidiyo ya fara cinye musu kasuwa, tunda kowa zai iya kallo a ɗakinsa. Dokokin da suka biyo bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 da kafa hukumar tace finafinai a 2001 suka ƙara ƙuntata harkar. Ƙarshe kuɗin fili ya yi magana. Mai gida ya duba ya ga shaguna za su kawo masa abin da tikiti ba zai kawo ba. Mafi yawansu sun koma shaguna da rumbunan ajiye kaya, sunayen kawai suka rage a bakin 'yan adaidaita sahu.

Kada wani ya ce na zo wanke sinima tas. Waɗanda suka ƙi ta suna da hujja. An yi shaye-shaye a ciki, 'yan daba sun mayar da wasu gidajen mafaka, mace mai mutunci ba ta iya shiga. Uban da ya hana ɗansa zuwa ba mahaukaci ba ne. Abin da nake cewa shi ne, duk lokacin da matsala ta taso, maganin da muka iya guda ɗaya ne, a rufe. Ba mu taɓa zama mun ce yaya za a gyara ba. Da ƙofofin fita nawa ya kamata a gina zaure? Wa zai duba wayoyin lantarki? Ƙarfe nawa za a tashi? Ina iyali za su zauna? Waɗannan tambayoyi ne da gobarar 1951 ta ajiye mana, muka tsallake su muka tafi muhawarar halal da haram kaɗai.

Shi ya sa da gwamnatin tarayya ta sanar da gina alƙaryar finafinai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, kafin a kai ko bulo ɗaya magana ta mutu saboda adawar da ta taso. Ni da na saurari muhawarar a lokacin, na ji kamar jifan ƙofar Palace ake maimaitawa, sai dai wannan karon a Facebook da gidajen rediyo. Ɓangare ɗaya na cewa za a lalata tarbiyya, ɗaya na cewa za a samu aikin yi, ba wanda ya kawo tsarin da zai kwantar wa kowa da hankali.

Haka kuma da aka yi rusau a Kano a watan Yunin 2023, aka taɓa gine-ginen Daula Otal da shagunan Filin Idi da shataletalen gidan gwamnati, gari ya ɗauka, kowa ya zama masanin tarihi da dokar filaye. Na ji daɗin ganin mutane sun damu da abin da ake rushewa a garinsu. Amma na tambayi kaina, su waɗancan gidaje da suka ɓace ɗaya bayan ɗaya ba tare da katafila ta zo da rakiyar 'yan jarida ba, wa ya yi musu magana? Ko hoto mai kyau na cikinsu da wuya ka samu.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, ai ga YouTube. Gaskiya ne, Izzar So da ire-irensa sun nuna cewa ana iya rayuwa a can. Amma ku duba lissafin. Kasuwar faifan CD ta mutu, masu satar fasaha sun gama da ita. Furodusa yanzu yana jiran kuɗin talla daga kamfanin da ke wata ƙasa, wanda zai iya sauya dokarsa gobe da safe. Da aka buɗe Filmhouse a Ado Bayero Mall a 2015, mun ga yadda mutane suka yi layi don kallon Mansoor a 2017. Wannan ya nuna masu son fita kallo suna nan. Sai dai ɗakunan kallo 'yan ƙalilan a cikin katafaren kanti ba za su ɗauki masana'anta guda ba, kuma ba dandalin waƙa ba ne.

Mawaƙa ma abin ya fi taɓa su. Mawaƙin da ba shi da zauren da masoyansa za su sayi tikiti, dole ya dogara da biki ko ɗan siyasa. Mu ne kuma za mu dawo muna zaginsa cewa ya zama maroƙi. Sau nawa muka ga mawaƙanmu sun tsallaka Nijar wasan Sallah, Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, wuri ya cika maƙil, alhali a garin da suka yi waƙar sai dai a gan su a waya? Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen waƙa. Idan muna son waƙar da za ta yi magana da mu, sai an samu ƙofar da za mu biya mu shiga.

Ba gwamnati nake jira ba, don na san ba gobe za a gina mana zaure ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma yana hannunmu. Duk wanda ke da kaka ko kawu ko maƙwabci da ya shiga Plaza ko Orion ko Palace, ya zauna da shi ya kunna rikodin ɗin wayarsa. Ka tambaye shi nawa ne kuɗin shiga, wane fim ya fara gani, wane makaɗi ya gani a kan dandamali, me ya ji game da El Duniya. Waɗanda suka ga gobarar da idonsu yanzu sun haura shekara 80, kullum raguwa suke. Idan akwai tsohon tikiti ko fosta ko hoto a cikin adakar gidanku, a ɗauke shi a waya kafin gara ta riga mu. 'Yan Kaduna, Zariya, Jos, Katsina, Sakkwato da Gusau, ku ma kuna da naku gidajen da suka ɓace, ku kawo labarinsu.

Masu shirya fim kuma, kullum kuna kukan ƙarancin labari, kuna juya mana rikicin kishiya da gadon Alhaji. Ga labari nan a ƙofar gidanku: yaron da ya saci jiki ya tafi kallo ranar wata Lahadi a 1951, da uwar da ta kasa faɗa wa maƙwabta inda ɗanta ya rasu.

Ni dai na sa wa wayata tunatarwa a kan 13 ga Mayu. Idan ranar ta zo zan yi musu addu'a, don 'yan kallo ne irina, kuɗinsu suka biya suka shiga neman nishaɗi kamar yadda nake yi. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba zuriyar duk waɗanda abin ya shafa haƙuri, Ya kiyaye mu da irin wannan rana.

Wanda ya samo wani abu daga bakin dattawan gidansu, ya ajiye mana a ƙasa, zan tattara mu kawo shi a rubutu na gaba in sha Allahu.