Ku Juya Takardar Murtala

Jama'ar Fagam da Gwaram da Birnin Kudu, 'yan kasuwa da masu talla, akwai hoton soja guda da ya fi kowane yawo a hannunku, watau na Janar Murtala Muhammed da ke jikin naira 20. Tun 1977 aka buga shi, shi ne kuwa ɗan Nijeriya na farko da aka sa a takardar kuɗi, har sunansa ya zama sunan kuɗin.

To, ku dube shi da kyau. Ga kaki, ga fuska ba wasa. Nufin masu bugawa shi ne kowa ya gani ya ce ga namijin duniya. Ba mu musa ba. Cikin wata shida da 'yan kwanaki ya mai da jihohi 12 suka zama 19, ya yanke a ɗauke babban birni daga Ikko zuwa Abuja, ya kuma sa lokacin mayar da mulki ga farar hula.

Amma fa hoto ba ya nuna jini. Ran 13 ga Fabrairu 1976 mutanen Dimka suka harbe shi cikin motarsa a Ikko, yana ɗan shekara 37, ya bar mace da ƙananan yara. Direbansa da hafsan da ke tsaronsa su ma nan suka mutu, su kuwa wa ya buga su a kuɗi?

Akwai kuma abin da hoton ya rufe. A yaƙin basasa, cikin 1967, rundunar da yake shugabanta ta kashe ɗaruruwan farar hula a Asaba, sojojinsa da yawa kuma suka halaka a Kwara wajen ƙetarawa zuwa Anacha, galibinsu 'ya'yan talakawa. A 1975 aka kori ma'aikata fiye da 10,000 ba shari'a, mai laifi da marar laifi.

Saboda haka, 'yan'uwa, a ba jarumi girmansa, amma in wani ya nuna muku hoton mai kaki ya ce soja ne maganin ƙasa, ku tambaye shi wa ya biya kuɗin maganin. Sa'an nan ku juya takardar. Tun 2007 Ladi Kwali ce a bayanta, mai ginin tukwane, tana kan sana'arta. Ita ba ta harbi kowa ba, ba a kuwa kori kowa saboda ita ba. Allah ya sa mu gane.