Aminu Saira da Darajar Mai Ba da Umarni

Masu kallo jarumi suke yaba wa, amma wanda ke riƙe da linzamin fim shi ne darakta, kuma tafiyar Malam Aminu Saira ta isa shaida. Ya yi suna a zamanin faifan CD da finafinai irin su Jamila da Jamilu da Ga Duhu Ga Haske. Da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, da yawa daga cikin 'yan Kannywood sun watse, shi kuwa ya koma wa shiri mai dogon zango. A 2020 shirinsa Labarina ya fara fitowa a tashar Arewa24 da YouTube, ya dawo da iyalai gaban talabijin kowane mako. A ganina sirrin Saira shi ne girmama labari kafin kyamara, da ba sababbin fuskoki dama maimakon dogaro da taurari kaɗai. Sai dai ina da roƙo gare shi da takwarorinsa: kada neman yawan masu kallo ya sa a riƙa jan labari har ya salance. Wajibi ne kuma su horar da matasan da za su gaje su, domin masana'antar ta fi buƙatar ƙwararrun daraktoci fiye da sababbin jarumai.