Hazon da ke kan tambulan ɗinku ba laifin mai wanke-wanke ba ne

1/ Jama'a, a daina yi wa 'yar aiki ko amarya faɗa a kan kofin gilashin da ya yi fari-fari kamar an shafa masa alli. Sau da yawa ba ƙazanta ba ce, ruwan gidan ne. Kuma kafin wani ya liƙa muku na'urar gyaran ruwa mai ɗan karen tsada, ku bi wannan zaren.

2/ Ruwa in ya ratsa ƙasa mai alli ko dutsen farar ƙasa, yakan narkar da sinadaran kalsiyam da magnesiyam ya tafi da su. Ido ba ya ganinsu. Sai an tafasa ruwan ko ya bushe a jikin abu sannan su fito. Turawa na kiransa ruwa mai tauri, mu kuma mun jefa shi cikin abin da muke ce wa zartsi. Kun san shi ai: sabulu ya ƙi kumfa, gindin buta ya yi farin ɓawo, kan shawa ya toshe. Kishiyarsa shi ne ruwan sama, wanda ɗan sabulu kaɗan zai cika bokiti da kumfa, kana ta ɗauraya santsi ya ƙi barin jikinka.

3/ Ana auna taurin da miligiram a kowace lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, sama da 120 ya shiga tauri, ya haura 180 kuma ya yi tauri sosai. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya tsaya a 150. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta sa masa wata iyaka saboda lafiya ba. Wato matsalar buta ce da famfo da aljihu.

4/ Kada ma a ce ciwon talaka ne. Landan da kudu maso gabashin Ingila a kan alli suke zaune, ruwan famfonsu ya zarce 200. Ku tambayi 'yan uwanmu da ke karatu can yadda butar shayinsu take. Mu ma inda ake fasa dutse don siminti, irin Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gwambe, dutsen nan ne dai a ƙasa, ba abin mamaki ba ne in burtsatse ta kawo shi.

5/ Me ya sa injin wanke-wanke ya fi tona asirin? Domin da ruwan zafi yake aiki, zafi kuma shi ke fito da allin, sannan ruwan a jikin kofin yake bushewa. Mai wankin hannu da ta goge da tawul ta kwashe ɗigon kafin ya bar tabo.

A Amurka ma an yi wannan rigimar. A 2010 jihohi da dama suka hana zuba sinadarin fosfet mai yawa a sabulun injin, saboda yana haddasa gansakuka a tafkuna da koguna. To fosfet ɗin nan shi ke riƙe kalsiyam ya hana shi zama a gilashi. Ana cire shi mutane suka fara ganin hazo, wasu har suna zargin injinsu ya lalace. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2017.

6/ Ga inda nake so ku nutsu. Hazon iri biyu ne, a ido kamar ɗaya, amma maganin ɗaya shi ke ƙara ɗayan.

Na farko allin ruwa ne da ya kwanta a saman gilashin. Na biyu kuwa gilashin kansa ne ya ci, fuskarsa ta zaizaye. Gwajin ba ya cin kuɗi: ku jiƙa kofin cikin ruwan khal ko ruwan lemun tsami na minti 10 zuwa 15, ku goge. In ya washe, alli ne. In hazon na nan daram, gilashin ya tafi ke nan, babu sabulun da zai dawo da shi. Wani lokaci in ka ɗaga shi a haske za ka ga launi-launi kamar bakan gizo, farkon cin ke nan.

7/ Abin haushin, wannan na biyun ruwa mai LAUSHI ne ke kawo shi, idan ya haɗu da sabulu mai yawa da zafi mai tsanani. Sabulun injin mai ƙarfi ne, an yi shi don ya yi faɗa da maiƙo da alli. In bai sami ko ɗaya ba, sai ya koma kan gilashi. Shi ya sa mutum zai kashe kuɗi ya sa na'urar laushin ruwa, ya ci gaba da cika ma'ajin sabulu fal, ga shi kuma sai an ɗauraye kwanukan tas kafin a jera su a inji, bayan wata 'yan watanni ya tarar kofunan da aka jera wa amarya sun dushe har abada. Kankare ragowar abinci kawai ya isa.

8/ Wani abin da masu sayarwa ba sa faɗa: yawancin injinan da aka ƙera don kasuwar Turai, irin su Bosch da Miele, da na'urar laushin ruwa a cikinsu suke zuwa. Ku ciro kwandon ƙasa, za ku ga wani murfi mai zagaye ban da na matata. Ma'ajin gishiri ne. Gidaje nawa ne ba su taɓa buɗe shi ba? A zuba masa gishirin inji mai manyan ƙwayoyi, ba na miya ba, don na miya na da garin hana dunƙulewa da ke iya toshe shi. A saita matakin taurin ruwa, a cika ma'ajin ruwan ɗauraya. Ga mafi yawan mutane maganar ta ƙare a nan.

9/ Na'urar gida gaba ɗaya fa? Tana aiki, ban musa ba, musamman in hita da bututu ke toshewa. Amma ku san cinikin da take yi. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙwallaye da ke kama kalsiyam su saki sodiyam a madadinsa, lokaci-lokaci a wanke su da ruwan gishiri. Duk miligiram 100 na tauri da ta cire, tana zuba kusan 46 na sodiyam. Ruwa mai 300 zai fito da ƙarin kusan 140 a lita. Saboda haka ne a Ingila ake ba da shawarar a bar famfo ɗaya a kicin da bai bi ta na'urar ba, don haɗa madarar jarirai da kuma waɗanda likita ya ce su rage gishiri. Mu da hawan jini ya yi wa katutu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

10/ Sannan ba ta kashe ƙwayoyin cuta. In burtsatsenku na kusa da ramin shadda, ruwan zai fito da laushi, kofi na ƙyalli, taifot na nan abinsa. In kuma zartsin naku na gishiri ne tsantsa, wanda ake ji a harshe, ba aikinta ba ne sam, wata na'ura ce daban ke cire shi.

11/ Masu yawo gida-gida da ɗan ƙarfe biyu su tsoma a ruwanku, su jona wuta, ruwan ya koma ja-ja da dauɗa, su ce "kun ga abin da kuke sha?" Wallahi wannan dauɗar tsatsar ƙarfen nasu ce ke narkewa. Duk ruwa mai ma'adinai haka zai yi, har na gora mai tsada. Ɗan alƙalamin nan mai nuna lamba shi ma jimillar abin da ya narke a ruwa yake ƙiyastawa, ba ya bambanta alli da gishiri, ba ya ganin cuta.

12/ Ni dai in ruwana ne, takardar gwajin tauri zan fara saya, ko in kai kwalba ɗaya ɗakin gwaji a duba min tauri da ƙwayoyin cuta tare. Buta kuma a tafasa mata khal da ruwa, ɓawon zai saki.

Amma don Allah kada wanda ya haɗa khal ko lemun tsami da Hypo ko Jik wai don ya fi fita. Haɗin na fitar da iskar kulorin, a ƙaramin kicin a rufe tana iya kai mutum asibiti.