Shayi Mai Tsami Ba Magani Ba Ne

'Yan'uwa manoma, ana ta yabon kombuca, wato shayi mai sukari wanda yisti da bakteriya ke tsamarwa cikin kwana 7 zuwa 14. Gaskiya ne yana da folifenol, sinadaran da ke rage ɓarnar oksijin kamar yadda mai ke hana garma tsatsa. Amma asalinsu ganyen shayin ne, kuma yawancin gwajin a kwalabe da ɓeraye aka yi. A ganinmu, kada ƙungiya ta sayar da shi da sunan magani. Zoɓon da muke shukawa a bakin gona ma yana da folifenol, su ne jan nan nasa. Mai yin kombuca kuwa ya guji tangaran mai ƙyalli, gama tsamin yakan narko da dalma cikin abin sha.