An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Shin Koci Ne Matsalar Wikki?



Lokacin da Wikki Tourists ta dawo gasar Firimiya ta Najeriya a watan Yulin 2025, bayan wasannin Super 8 da aka buga a Asaba, babu majalisar da ba a yabi koci Abdu Maikaba ba. Daga teburin mai shayi na bakin kasuwa har gidajen kallon ƙwallo, zancen ɗaya ne: gwani ya dawo gida. Mu ma mun yi murna, domin shekara biyu a rukuni na biyu ba ƙaramin kaye ba ne ga ƙungiyar da ake wa laƙabi da Giwaye. Amma mun san halinmu. Bakin da ke yabo yau shi ne zai fara ihun "A kori koci!" ranar da aka yi canjaras biyu a jere a gida. Shi ya sa kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu ya ga ya dace a yi wannan magana tun yanzu da zukata suke a kwance.

Matsayinmu shi ne: koci yana da nasa laifin, kuma za mu faɗe shi. Amma idan ƙungiya ta yi ta faɗuwa a hannun koci daban-daban, to ciwon ba a benci yake ba, a cikin gidan yake. Korar koci a irin wannan hali barin jaki ne ana dukan taiki.

Mu tuna abin da ya faru a gabanmu. A 2015 Wikki ta ƙare ta huɗu a gasar Firimiya. A 2016 ta ƙare ta uku, bayan Enugu Rangers da Rivers United, ta samu tikitin gasar Confederation ta Afirka. A wannan kakar ɗan wasanmu Godwin Obaje ne ya fi kowa zira ƙwallo a gasar baki ɗaya, da ƙwallo 18. Koci a lokacin shi ne wannan Maikaba da aka yi ta yabo a 2025. To me ya biyo baya? Kafin a buga wasan Afirka ko ɗaya, koci ya koma Akwa United, Obaje ya koma FC Ifeanyi Ubah. Ko ma mene ne dalili, gida bai riƙe su ba. A watan Fabrairun 2017 ƙungiyar RSLAF ta Saliyo ta fitar da mu tun a zagayen share fage. A wannan shekarar dai Maikaba ya ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa da Akwa United.

Wanda ya gaji kujerar ya tarar da ƙungiya babu mai cin ƙwallonta, babu wanda ya gina ta. Shi za a ɗora wa laifin Saliyo? Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dubi waɗanda suka zo daga baya. Aliyu Zubairu ya horar da Wikki bai ɗauki kofi ba. Shi ne kuma a 2024 ya dawo da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri gasar Firimiya, ya ci mata kofin ƙalubale, har aka damƙa masa tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 20. Usman Abd'Allah ya kai Enyimba wasan kusa da na ƙarshe a gasar Confederation a 2018, ya ci mata gasar Firimiya a 2019, sannan ya zo Bauchi, bai daɗe ba ya tafi hannu wayam. Bayansa Kabiru Dogo ya karɓa. A 2023, a gajeriyar kakar nan da aka raba ƙungiyoyi 20 gida biyu, Wikki ta faɗa rukuni na biyu, kuma a 2024 ba ta dawo ba.

Tambayarmu ga masu ihun a kori koci ita ce: duk waɗannan mutane a kan hanyar Bauchi suke mance sana'arsu, su tuna ta idan sun fita? Mutum ya ci kofi kafin ya zo, wani ya ci bayan ya tafi, amma a nan abin ya gagara. Idan ka sauya direba sau huɗu mota tana mutuwa a hawa ɗaya, ai sai ka buɗe gaban motar.

Yawancin ƙungiyoyin gasar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, Wikki na cikinsu. Koci ba shi ke sakin kuɗi ba. Ba shi ke yanke ranar biyan albashi da alawus ba. Ba shi ke naɗa hukumar gudanarwa ba, ba shi ke sayen mota ba, kuma ba shi ke da ta cewa ta ƙarshe idan wata ƙungiya ta zo da kuɗi tana neman ɗan wasan da ya raina. A watan Fabrairun 2021 motar Wikki ta kama da wuta a Hawan Kibo, tana kan hanyar zuwa Uyo buga wasa da Dakkada. Allah Ya tsare rayuka, kaya suka ƙone. Ku ƙiyasta tafiya daga Bauchi zuwa Uyo a mota, ku ƙiyasta jikin ɗan wasan da ya sauka daga irin wannan tafiya aka ce ya yi gudu na minti 90. Wace dabara ce koci zai zana a allo ta warkar da wannan gajiya?

Akwai kuma abin da muke mantawa game da wasan sili ɗaya ƙwale. Babban kofin da Wikki ke tinƙaho da shi, kofin ƙalubale na 1998, an ci shi ne a bugun fenariti a kan Plateau United, bayan an tashi babu ci. Da ƙwallo ɗaya ko biyu sun daki ƙarfe a ranar, da yau muna cewa kocin wancan lokaci bai iya ba. Gasar da ake bugawa wata da watanni ita ke nuna aikin koci. Wasan rana ɗaya kuwa, santsin ciyawa ko kuskuren alƙalin wasa ya isa ya juya shi. Wanda ke auna koci da irin wannan wasa kaɗai bai yi masa adalci ba, ko a yabo ko a zargi.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Remo Stars ta Ikenne ta zo ta biyu a 2023, a wasannin ƙarshe na ƙungiyoyi shida da aka buga a Legas, Enyimba ta ɗauki kofi. A 2024 ta sake zuwa ta biyu, Rangers ta ɗauka. Da a wajenmu ne, da tuni an ce koci Daniel Ogunmodede ba shi da sa'a, a nemo wani. Mai ƙungiyar, Kunle Soname, bai kore shi ba. A 2025 suka ci gasar a karon farko a tarihinsu. Su kuma magoya bayan Manchester United da ke cika mana kunne da Alex Ferguson, su tuna ya karɓi aiki a 1986, bai ci kofi ba sai 1990, bai ci gasar Ingila ba sai 1993. Da a filinmu yake, da bai ga damina ta biyu ba.

Mun san abin da wasu za su ce a ƙasan wannan rubutu: "Malam Sakatare, kenan koci ba ya laifi? Ai albashi yake karɓa." Yana yi ƙwarai. Shi ke fitar da 'yan wasa 11, shi ke canji, shi ke tsara atisaye, shi ke da alhakin ladabin yaransa. Idan ya ajiye mai ƙoƙari a benci ya saka ɗan lele, laifinsa ne. Idan ana cin mu ƙwallo iri ɗaya mako bayan mako bai gyara ba, laifinsa ne. Idan 'yan wasa sun daina jin maganarsa, zamansa ya ƙare. Abin da muke cewa shi ne a bi tsari. A fara tambaya: an biya albashi? An bar shi ya zaɓi 'yan wasansa, ko an cusa masa na manya? An fara shiri da wuri? Idan duk an yi masa waɗannan ya kasa, mu ne za mu fara rubuta cewa ya tafi. Idan ba a yi ba, korarsa rufa-rufa ce. Ana miƙa wa magoya baya kan mutum ɗaya domin kada su tambayi sauran.

Wani zai ce mene ne ruwan ƙungiyar unguwa da wannan. Ruwanmu babba ne. Filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa maƙwabcinmu ne, filin da aka buga wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009. Ranar da Wikki ke gida, mai tsire da mai ruwan leda da mai rake da ɗan acaɓa da mai Keke Napep duk suna komawa da cefane. Shekara biyun da aka yi a rukuni na biyu su suka fi kowa ji a aljihunsu. Kuma ihun a kori koci ba ya tsayawa a baki. Daga zagi sai jifa, daga jifa sai tsallaka waya. Hukumar gasa tana cin tara, tana rufe fili, tana mayar da ƙungiya wani gari, wani lokaci har ta zaftare maki. Yaran da ake turawa gaba su yi jifa namu ne, kuma idan aka kama su, mu ake tasa da dare zuwa beli.

Laifi tudu ne, don haka bari mu taka namu a gaban kowa. A zamanmu na ƙarshe an kawo shawarar a sauke kocin ƙungiyar matasan unguwarmu, saboda sau uku a jere ana fitar da yaranmu a wasan kusa da na ƙarshe. Bawan Allahn nan ba ma biyansa ko sisi. Littafin ƙungiya yana hannunmu, kuma a cikinsa an rubuta alkawarin riguna da kuɗin mota da muka yi wa yaran, har yau ba mu cika ba. A wasan ƙarshe da suka buga, wasu da takalman aro suka shiga fili. Mutumin da ya kai su wannan mataki sau uku a haka, godiya ta dace da shi ko takardar sallama? Abin da muke tuhumar manya da shi, ga shi muna shirin aikatawa a gidanmu. Kwamiti bai goyi bayan wannan shawara ba, kuma za mu maimaita haka a babban taro.

Ga kiranmu. Ga masu riƙe da Wikki: a bai wa koci, ko wane ne shi, kwantiragin da zai isa a gina ƙungiya, a rubuta abin da ake so ya cim ma, a auna shi da wannan a ƙarshen kaka. A riƙa biyan haƙƙin 'yan wasa a kan lokaci. A riƙe waɗanda suka yi fice, kada a maimaita abin da ya faru bayan 2016. A waiwayi yaran unguwanni, domin filayen Bauchi cike suke da masu baiwa. Idan kuma za a sallami koci, a fito a gaya wa jama'a abin da aka ba shi da abin da ya kasa.

Ga matasanmu kuma: ku cika fili, ku buga ganga, ku yi suka idan ta kama, amma babu jifa, babu zagin iyayen kowa. Ga mambobinmu: duk wanda ke da bashin kuɗin wata ya biya kafin taro na gaba, domin daga ciki za a sayi rigunan yaran nan. Wanda bai biya ba, don Allah ya ɗan dakata da maganar korar koci.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda yake da hujjar da ta saɓa wa tamu ya kawo ta cikin mutunci, za mu saurara. Allah Ya bai wa Wikki nasara, Ya shirya mana matasanmu, Ya zaunar da Bauchi lafiya.

Sakatare,
a madadin kwamitin gudanarwa.